Yadda farar giya ta hau dutse a Tirol ta Kudu

A ƙarshen shekarun 1970, wanda ya bi kwarin kogin Adige daga Salorno ya nufi Bolzano, a yankin Tirol ta Kudu da ke arewacin Italiya, abin da zai gani hagu da dama rumfunan inabi ne sun yi nauyi da baƙaƙen 'ya'ya. Kusan kashi huɗu cikin biyar na gonakin na jan inabi ne, mafi yawansa iri guda da mutanen wurin ke kira Vernatsch, Italiyawa kuma su ce Schiava. A matse shi, a yi giya mai sauƙi marar kauri, a ɗura a tankokin mota, a tsallaka da ita Suwizalan da Ostiriya da kudancin Jamus a sayar da araha. Yau idan aka ambaci yankin a kasuwar giyar inabi, fara ce ke fara zuwa a rai. Kusan kashi biyu cikin uku na gonakin sun koma farin inabi, Vernatsch kuwa ya tsuke zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma. Duwatsun suna nan inda suke, ba su gusa ko taku ɗaya ba, rana da iska ma ba su sauya hanya ba. To me ya sauya?

Masu talla suna da amsa a bakinsu: tsauni. Kowace kwalba da hoton ƙololuwa mai dusar ƙanƙara, kowace takardar talla da zancen iska mai tsabta. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai rabin labarin suke bayarwa. Tsauni ya ba da dama, amma damar ta daɗe a ajiye ba a ɗauka ba. Abin da ya sa aka ɗauka shi ne kasuwa ta mutu a hannun manoma, kuma aka sake yadda ake biyansu kuɗin inabi.

Wurin da ake magana lardi ne a can ƙarshen arewacin Italiya, yana iyaka da Ostiriya da Suwizalan. Sunansa biyu, Südtirol da Jamusanci, wato Tirol ta Kudu, Alto Adige da Italiyanci, haka ma kowane gari: Bozen da Bolzano, Brixen da Bressanone, Tramin da Termeno. Kusan mutum bakwai cikin goma Jamusanci ne harshen gidansu, domin ƙasar Ostiriya ce har sai da yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta miƙa ta ga Italiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gonakin inabin duka ba su kai hekta 6,000 ba, abin da suke fitarwa kuma bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giyar Italiya ba. Sun jeru ne kamar itace mai reshe biyu: gindin ya taso daga Salorno a kudu zuwa Bolzano, daga nan reshe ɗaya ya bi Adige ta Merano zuwa kwarin Vinschgau, ɗayan ya bi kogin Isarco zuwa Bressanone. Mafi ƙasƙancinsu suna wajen mita 200 sama da teku, mafi tsayinsu sun haura mita 1,000.

Wannan tazarar ta mita 800 ita ce jarin yankin, kuma sai an san abin da ke faruwa a cikin ƙwayar inabi kafin a gane dalili. Yayin da inabi ke nuna, abu biyu ke tafiya a lokaci guda, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Sukari na taruwa, tsami na raguwa. Tsamin iri biyu ne manya. Akwai na tatarik, mai taurin kai, wanda zafi bai cika taɓa shi ba. Akwai na malik, irin wanda ake ji a ɗanyar tuffa, shi kuma kurangar tana ƙona shi ne a matsayin abinci, kuma gwargwadon zafi gwargwadon saurin ƙonawar. Da rana ganye na yin sukari. Da dare ba a yin sukari, amma idan daren na da zafi kurangar na ci gaba da cinye tsamin. Saboda haka inda rana ke da zafi dare kuma ke da sanyi, inabi na samun zaƙinsa ba tare da ya yi asarar tsaminsa ba.

Ga jar giya wannan ba shi ne komai ba, domin ana tsima ta tare da ɓawon inabin, ɓawon kuma na ba ta launi da wani ɗaci-ɗaci mai kama baki wanda ke riƙe ta. Fara ba ta da wannan madogara. Ana matse ruwan a raba shi da ɓawo tun da wuri, don haka tsami ne ƙashin bayanta. Idan babu shi sai ta zama lami, mai nauyi a harshe, kuma ba ta jure ajiya. Ƙamshin ma haka: sinadaran da ke ba farin inabi ƙamshin fure da na ɗanyen 'ya'yan itace masu saurin tashi ne, zafi mai yawa na kore su kafin a zo tsinka.

A ƙa'ida, duk mita 100 da aka hau zafi na sauka da kimanin digiri 0.6. Gonar da ke mita 800 ta fi wadda ke mita 250 sanyi da digiri uku da wani abu, wanda a rayuwar inabi bambancin makonni ne wajen nuna. Shi ya sa tsinka ke farawa a ƙasan kwari tun ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, amma a gonakin sama sai cikin Oktoba. Wani abin mamaki ga baƙo shi ne Bolzano, da ke zaune a kwano mita 260 kacal sama da teku, tana yawan shiga jerin biranen da suka fi zafi a Italiya a tsakiyar bazara. Tsaunukan Alps sun tare mata iskar arewa mai sanyi da ruwanta, kwarin kuma a buɗe yake ta kudu, ta inda iskar da suke kira Ora ke busowa daga tafkin Garda da rana. Da yamma sai al'amarin ya juya. Iskar da ta yi sanyi a kan duwatsu ta fi nauyi, sai ta gangaro ta cikin gonaki kamar ruwa.

A nan akwai wani ƙulli da lissafin digiri 0.6 ba ya nunawa. Iskar sanyin da ta gangaro ba ta tsayawa a gangare, can ƙasan kwari take taruwa ta kwanta. A daren farkon bazara mai tsit, lokacin da kuranga ta fara toho, ƙasan kwarin ne ke daskarewa, tsakiyar gangare kuwa ta tsira. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka bar wa tuffa shimfiɗar kwarin, kuma gonakin tuffa a lardin sun ninka na inabi kusan sau uku. Manoman tuffa na kare furensu da yayyafin ruwa cikin dare. Inabi ya koma gefe, inda iska ba ta kwana.

Gefen ma ba ɗaya ba ne. A kudu da Bolzano kwarin ya miƙe daga arewa zuwa kudu, don haka gangaren yamma, inda Tramin da Kurtatsch da Eppan suke, yana fuskantar gabas. Rana na same shi da sassafe, kafin la'asar ta yi nisa kuma inuwar dutsen Mendel ta rufe shi. Gangaren gabas, wajen Montan da Mazon, sai hantsi ya yi rana ke iso masa, amma yana shan ta yamma har faɗuwarta. Gonaki biyu masu tsayi ɗaya, suna kallon juna ta tsallaken kogi, kowacce da abin da ta iya. Ƙasar ma haka take a yayyanke. Kewayen Bolzano da Terlan jan dutse ne na tsohon aman wuta, wanda ya ruɓe ya zama yashi da tsakuwa masu saurin ɗumi da saurin tsotse ruwa. Ƙarƙashin Mendel ɓaraguzan dutsen farar ƙasa ne. Kwarin Isarco na da duwatsu masu ɓarewa falle-falle, sannan ko'ina akwai tarkacen da kogunan ƙanƙara na zamanin da suka bari. Ana yawan cewa ana jin ɗanɗanon dutsen a cikin giyar. Ni dai ina ganin wannan zaƙin baki ne. Abin da ƙasa ke yi a zahiri shi ne ta ƙayyade yawan ruwa da abincin da saiwa ke samu. Ƙasa marar ƙarfi na hana kuranga yin ganye barkatai, 'ya'yan su fito ƙanana, abin da ke cikinsu ya tattaru.

Duk wannan yana nan tun kafin a haifi kakannin manoman yau. Me ya sa suka cika gonakinsu da Vernatsch? Saboda su ne kudancin wata ƙasa ta arewa. A daular Ostiriya farar giya ba ta yanke ba, ja ce ke wuya, domin jan inabi na son zafi. Tirol ta Kudu na daga cikin 'yan wuraren masu magana da Jamusanci da jan inabi ke nuna ba wahala. Gidajen ibada na Bavariya, a kudancin Jamus, sun mallaki gonaki a nan tun tsakiyar zamanai don su samu giyarsu. Da aka buɗe layin dogo ta mashigar Brenner a 1867, sai jigila ta zama wasa. Vernatsch kuma inabi ne mai albarka, yana zuba 'ya'ya da yawa a kan rumfar da suke kira Pergl. Manomi mai hankali a lokacin ba zai bar abin da ake saye da tanki ya kama abin da ba a tambaya ba.

Farin inabin ma ba baƙo ba ne. Tun ƙarni na 19 aka shigo da irin Faransa da na Jamus, kuma ana danganta farkon wannan yunƙuri da Yarima Johann na gidan sarautar Habsburg. Makarantar aikin gona ta San Michele, da aka kafa a 1874 ƙarƙashin Edmund Mach, ta yi gwaje-gwaje da su. Terlan ta yi suna da farar giya tun wancan lokaci. Amma tsiraru ne.

Sai iyaka ta gusa. Daga 1919 yankin ya tashi daga kudancin Ostiriya ya zama arewacin Italiya, ƙasar da jar giya ta yi mata yawa har ta rasa inda za ta sa. Abin da ya kasance fifiko ya zama ba komai ba. Duk da haka tsofaffin abokan ciniki na arewa sun ci gaba da saye na wasu shekaru gommai, har aka saba da cewa yawa shi ne riba. A farkon shekarun 1980 wannan kasuwa ta rushe. Mutanen Turai sun rage yawan abin da suke sha sun koma neman mai kyau, kuma akwai wuraren da za su iya yin giyar araha da kuɗin da bai kai na mai noma a gangare ba. Badaƙaloli biyu suka ƙarasa abin da ya rage na amincewa da giyar tanki: ta Ostiriya a 1985, inda aka kama ana zuba sinadarin gilaikol don ƙara zaƙi, da ta Italiya a 1986, inda giyar da aka gurɓata da metanol ta kashe kusan mutum 20. Ba a Tirol ta Kudu aka yi ko ɗaya ba, amma wanda ke sayar da kaya marar suna ba shi da hanyar wanke kansa.

A nan ne ƙungiyoyin gama-kai suka shigo, kuma a ganina su ne jigon labarin. Masu noman inabi a lardin sun kai kimanin 5,000, kowanne da wajen hekta ɗaya. Mai hekta ɗaya ba zai iya sayen matsi da tankoki da injin ɗura kwalba ba, balle ya je Milan ko New York neman mai saye. Tun 1893 manoman Andrian da na Terlan suka haɗa kai suka kafa rumbunan haɗin gwiwa don su kuɓuta daga dillalai masu karya farashi. Na Tramin ya biyo a 1898 da jagorancin limamin cocin garin, Christian Schrott, na St. Michael-Eppan kuma a 1907. Yau irin waɗannan rumbuna goma sha biyu ne ke yin kusan kashi 70 cikin ɗari na giyar lardin.

A mafi yawan Turai, idan aka ce giyar gama-kai ana nufin ta talaka, kuma dalilin a fili yake. Muddin da kilo ake biyan manomi, to kilo zai noma. Zai shayar da gona, ya zuba taki, ya bar kowane nono na inabi a jikin kuranga, ya kawo a auna. Na kirki da na banza duk a tanki ɗaya za su haɗu, to don me zai wahalar da kansa? Abin da rumbunan Tirol ta Kudu suka yi daga shekarun 1980 shi ne suka karya wannan lissafi. Aka fara duba gona ɗaya-ɗaya, ana ƙayyade irin da ya dace da ita da iyakar abin da za a tsinka a kowace hekta. Aka ɗauki malaman gona suna zagayawa cikin kaka da bazara. Aka bambanta farashi sosai, ta yadda wanda ya kawo kaɗan mai kyau zai fi wanda ya kawo mai yawa samu. Ana umartar manomi ya yanke wani kaso na ɗanyun 'ya'yan ya zubar a ƙasa tun kafin su nuna, don sauran su yi ƙarfi. A tuna waɗanda ake faɗa wa haka su ne masu rumbun, su ke zaɓen shugabanni, kuma iyayensu sun rene su a kan cewa zubar da amfanin gona zunubi ne. Ba a shawo kansu da wa'azi ba, sai da takardar biya ta ƙarshen shekara ta nuna musu bambancin.

Akwai mutanen da aka san su da wannan juyi. Hans Terzer ya zama Kellermeister, wato sarkin rumbu, a St. Michael-Eppan a 1977 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya kuma shafe fiye da shekara 40 yana tura manomansa zuwa farin inabi. Luis Raifer ya yi irin haka a rumbun Schreckbichl, ya fara da tasa gonar don kada a ce yana aika mutane inda bai je ba. A ɓangaren 'yan kasuwa masu zaman kansu akwai Alois Lageder, wanda gidansu ke cikin sana'ar tun 1823. Tare da sauya iri aka sauya yadda ake ɗora kuranga. Aka rushe rumfuna da yawa aka koma layukan waya, inda kuranga ke tsaye a jere kusa da juna, kowacce na ɗaukar kaɗan.

Kimiyyar rumbu ma ta zo a kan gaɓa. Tsimuwa na haifar da zafi, kuma idan ruwan farin inabi ya yi zafi yana tsima, ƙamshinsa na tafiya da iska. Tankokin ƙarfe marasa tsatsa masu na'urar sanyaya sun ba da damar riƙe shi a ƙasa da digiri 20 har ya gama. Sarkin rumbu na iya kuma hana tsimuwa ta biyu, wadda ke mayar da tsamin malik mai kaifi zuwa irin na madara mai laushi, idan yana son giyar ta riƙe kaifinta. Ba don waɗannan kayan aiki ba, da abin da daren dutse ya adana a cikin inabin a rumbu zai salwanta.

Irin inabin sun rarrabu ne bisa tsayi, kamar benaye. A ƙasa, inda ya fi ɗumi, Pinot Grigio da Chardonnay suka fi yawa, kuma su ne ke biyan kuɗin wuta da albashi ko da ba su ne ake yabo ba. Gewürztraminer na son ƙasa mai yumɓu da ɗumi a kewayen Tramin, wajen mita 300 zuwa 500. Inabi ne mai ɓawo ja-ja, mai ƙamshin furen wardi da kayan yaji, mai tara sukari da sauri da zubar da tsami da sauri, don haka iskar yamma ta Mendel ce ke cetonsa. Mutanen Tramin na cewa a garinsu aka haife shi, ga sunan ma shaida. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna rikiɗar wani tsohon iri ne mai suna Savagnin, kuma masana da yawa na shakkar cewa daga nan ya fito. Ko ma daga ina ne, rumbun Tramin ya ci moriyarsa: giyarsa mai suna Epokale ta kakar 2009, wadda aka ajiye shekaru a cikin tsohon ramin haƙar ma'adinai a Ridnaun, wajen mita 2,000 sama da teku, ta samu maki 100 cikin 100 daga mujallar Wine Advocate a 2018.

Wanda ya fi nuna abin da tsayi ke yi shi ne Weissburgunder, ko Pinot Bianco. A wurare da yawa ba a ɗauke shi da daraja ba, inabi ne marar hayaniyar ƙamshi, idan aka noma shi a zafi kuma ba ya cewa komai. A tsakanin mita 400 zuwa 800, a Eppan Berg ko a gangaren Vorberg da ke saman Terlan, sai ya zama wani abu daban, mai kaifi da jure shekaru. Hujjar tana rumbun Terlan. Sebastian Stocker, sarkin rumbun daga 1955 zuwa 1993, ya riƙa ɓoye ɗaruruwan kwalabe kowace kaka a lokacin da kowa ya yarda farar giyar Italiya ta shekara ɗaya ce ko biyu. Ya kuma ɓullo da barin giya a ƙananan tankoki tsawon shekara goma ko fiye, tare da matattun ƙwayoyin yisti da suka kwanta a gindi, waɗanda ke kare ta daga iska suna kuma ba ta kauri a hankali. Taskar da ya fara ta kai kimanin kwalba 100,000 a yau. Da aka fara buɗe na shekara 30 da 40 a gaban masu sharhi aka same su da rai, gardamar ta mutu.

Kwarin Isarco wata duniya ce. Ya fi arewa, ya fi tsayi, ya fi ƙunci, kuma kusan duk abin da ake nomawa fari ne, irin na Jamus da Ostiriya: Sylvaner, Riesling, Grüner Veltliner, Kerner. Gidan ibadar Neustift kusa da Bressanone, wanda aka kafa a 1142, har yanzu yana yin giya daga gonakin da ke tsakanin mita 600 da 900. Labarin Kerner na da ban dariya. August Herold ne ya haɗa shi a Jamus a 1929 daga Riesling da Trollinger, Trollinger kuwa ba kowa ba ne illa Vernatsch da wani suna. A Jamus an shuka shi don yawa har ya zube a idon mutane, a Isarco kuma ya zama abin alfahari. Ɗan Vernatsch ne ya gaji gidan uban. Haka Müller-Thurgau, wanda Hermann Müller ya haɗa a 1882, aka kuma raina shi a matsayin inabin giyar araha. A 1972 Herbert Tiefenbrunner ya shuka shi a Fennberg, mita 1,000 sama da teku, kuma giyar wannan gona na cikin waɗanda suka sa aka sake duba irin. A Vinschgau, inda ruwan sama ke wajen milimita 500 a shekara har sai da magabata suka haƙa magudanan da suke kira Waale don jawo ruwan ƙanƙara, Riesling ne ya samu gida, har da gangaren fadar Juval ta mai hawan duwatsu Reinhold Messner.

Sai dai nasarar ta zo da nata ciwon kai. Lardin na noma iri kusan 20 a ƙasar da ba ta kai hekta 6,000 ba. A yankunan giya na Faransa, wanda ya ce Chablis ya san Chardonnay zai samu, wanda ya ce Sancerre fara ya san Sauvignon ne. Wanda ya ce Alto Adige fa? Kowane rumbu na da kwalabe iri-iri har mai saye ya rikice, wasu kuma, a gaskiya, tsabta ce kawai gare su, ba su da abin da zai sa a tuna su. Ƙwarewar rumbu na iya sa komai ya fito sumul, kuma sumul ɗin kan yi kama da juna. Amsar da ƙungiyar masu sana'ar ta bayar ita ce yanka taswira. Daga kakar 2024 an amince da ƙananan yankuna 86 da za a iya rubuta sunansu a kwalba, kowanne da irin da aka yarda a noma a cikinsa, da sharaɗin rage yawan tsinka ƙasa da na sauran gonaki. Manufar ita ce a daina sayar da sunan inabi kaɗai a koma sayar da sunan wuri. Ko mai saye zai haddace sunaye 86 cikin harsuna biyu, wannan sai an gani. Ina zaton kaɗan ne za su yi suna, sauran su zauna a takarda.

Ga kuma tsada. A gangare mai tsananin tsayi tarakta ba ta shiga, kusan komai da hannu ake yi, daga sassabe zuwa tsinka. Ƙasar noma kaɗan ce, tuffa da gine-gine da otal-otal na gasa a kanta, kuma dokar gado ta yankin, wadda ke hana rarraba gonar gida tsakanin magada, ta sa ba kasafai gona ke fitowa kasuwa ba. Giyar wurin ba za ta taɓa yin araha ba, kuma ranar da masu saye suka gaji da farashin babu tsohuwar kasuwar tanki da za a koma.

Babbar barazanar daga sama take. Tsaunukan Alps sun ɗumama da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, kusan ninkin na duniya baki ɗaya. Da lissafin digiri 0.6, wannan daidai yake da a ce kowace gona ta sauko da mita 300. Tsinka na zuwa da wuri, sukari na hawa, ƙarfin barasa a Gewürztraminer kan kai kashi 14 ko 15 cikin ɗari, tsamin da aka gina sunan yankin a kansa kuma na ƙara wuyar riƙewa a gonakin ƙasa. Kuranga na toho da wuri, sai sanyin ƙarshen Afrilu ya same ta a buɗe, kamar yadda ya faru a 2017. Ƙanƙara mai faɗowa da hadari ta sa ana lulluɓe gonaki da raga. Wasu manoman ma sun fara kallon tsohuwar rumfar Pergl da wani ido, tun da inuwar da aka rushe ta dominta ita ce yanzu ke kare 'ya'ya daga ƙunar rana.

Inda Tirol ta Kudu ta fi masu noma a fili sa'a shi ne tana da bene na gaba. Weissburgunder da ke jin daɗi a mita 450 ana kai shi 700, ana gwada gonaki a wuraren da dā makiyayar shanu ce. Cibiyar bincike ta Laimburg, da aka kafa a 1975, na nazarin inda kowane iri zai iya kaiwa. Amma hawan ba kyauta ba ne. Tun 2016 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita sabbin gonakin inabi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ƙasa ke da shi a kowace shekara. Sama akwai daji da doka ta kare, ƙasar ba ta da zurfi, ruwa na da wuyar kaiwa, kaka kuma gajera ce, shekara ɗaya mai sanyi na iya hana inabin nuna gaba ɗaya. Kuranga na ɗaukar shekara uku kafin ta fara ba da amfani, ana kuma sa ran ta yi 30 ko fiye, don haka wanda ke shuka yau yana caca ne a kan yanayin 2055.

Sannan akwai tambayar da ta fi damun rumbunan gama-kai. Memban da gonarsa ke mita 250 ba zai iya ɗaukar ta ya kai 800 ba, kuma ƙuri'arsa ɗaya ce da ta maƙwabcinsa na sama. A shekarun 1980 an iya ce wa kowa ya sauya iri ya rage yawa, kowa kuma ya samu ƙari. Wannan karon tsarin biya bisa inganci na iya raba membobi gida biyu bisa abin da ba su da iko a kansa. Wasu gonakin ƙasa sun riga sun fara komawa jan inabi mai son zafi, irin su Lagrein da Merlot da Cabernet.